Danniyar Iska da Tasirinta a Kan Ruwa

Gabatarwa

Iska aba ce mai nauyi, ko da yake ido ba ya ganin ta. Tarin iskar da ke lulluɓe da duniya yana danna kowane abu ta kowace fuska, wannan kuwa shi ake kira danniyar iska. A gaɓar teku, nauyin da ke kan kowane murabba'in santimita ɗaya ya ɗan haura kilogiram ɗaya. Abin da ya hana jikin ɗan Adam murƙushewa shi ne, danniyar da ke cikinsa ta yi daidai da ta waje.

Gwajin Torricelli

A shekarar 1643, Evangelista Torricelli, masani ɗan ƙasar Italiya, ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kife bakinsa cikin kwano mai zaiba. Zaibar ta sauka, ta tsaya a tsayin kimanin santimita 76. Iskar da ke danna zaibar kwanon ita ce ta tallafe ta cikin bututun. Da yake zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, iska na iya tallafar ruwa har kimanin mita 10. Saboda haka ne famfon da ke aiki da zuƙo kaɗai ba ya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce haka.

A 1648, Blaise Pascal ya sa aka hau dutsen Puy de Dôme na Faransa da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana sauka gwargwadon hawan da aka yi. Ke nan danniya na raguwa idan aka yi sama. Shi ya sa ruwa ke tafasa a kimanin digiri 96 a Jos, maimakon digiri 100.

Misali Daga Gida

Idan wanzami ya zuƙe iskar cikin ƙaho ya toshe shi, danniyar ciki takan ragu. Nan take iskar waje za ta manne ƙahon a jiki, fata ta kumburo ciki, jini ya fito ta wurin tsagar.

Kammalawa

Yara da yawa kan ɗauka cewa zuƙo ne ke jawo ruwa cikin sirinji. Wajibi ne malami ya gyara wannan fahimta tun da wuri: zuƙo rage danniyar ciki kawai yake yi, iskar waje ce ke tura ruwan.