Awon gona a Birnin Gwari: yadda ake haɗa na'urar RTK ta nuna iyaka da santimita

Tun bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, manoma suka fara komawa gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Sai dai gonar da aka bari daminu da yawa ba ta jiran mai ita. Gamba ta rufe iyaka, an sare bishiyar da ake kwatance da ita, dattijon da ya san inda kowa ya tsaya wataƙila ya rasu ko ya yi hijira. Abu na farko da matashi zai yi a nan shi ne ya zaro waya ya buɗe Google Maps. To, wayar ba za ta raba wannan gardama ba.

GPS ɗin wayar hannu yakan yi kuskuren mita uku zuwa biyar a fili, ya fi haka a ƙarƙashin bishiyoyi. Ko wayoyin da ke karɓar sigina iri biyu, waɗanda Xiaomi Mi 8 ta buɗe wa hanya a 2018, ba su kai ga awon iyaka ba. Mita biyar a gefen gona kunyoyi ne masu yawa, kuma an sha zuwa gaban alƙali kan abin da bai kai haka ba.

Laifin ba na wayar ba ne ita kaɗai. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kuma kafin siginarsu ta iso ƙasa sai ta ratsa sassan sararin sama da ke jinkirta ta, ga ɗan kuskuren agogon tauraron da na hanyar da yake bi. Dabarar RTK mai sauƙin fahimta ce: a kafa na'ura ɗaya, wato tushe, a wurin da aka riga aka san lambobinsa. Tunda ta san inda take, duk abin da taurari suka faɗa mata saɓanin haka kuskure ne. Sai ta riƙa aika gyara kowace daƙiƙa ga na'ura ta biyu, mai yawo, wadda ke kan sandar mai awo. Muddin suna kusa, sama ɗaya ce a kansu, don haka kuskurensu ɗaya ne. Da wannan ake saukowa zuwa santimita ɗaya zuwa uku.

A da, kayan manyan kamfanoni irin su Trimble da Leica ne kawai ke yin wannan aiki. Fitowar ƙwaƙwalwar ZED-F9P ta kamfanin u-blox a 2018 ta karya farashin, yanzu kuma akwai na'urori irin Emlid Reach da ake sarrafawa da wayar Android ta Bluetooth, suna kama taurarin GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin a lokaci guda.

Tambayar farko ita ce, daga ina gyaran zai zo? Najeriya tana da tashoshi na dindindin da ake kira NIGNET, waɗanda Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya ya fara kafawa a 2008, kuma ɗaya daga cikinsu tana Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A inda aka samu tashar da ke aiki, ana karɓar gyaranta ta intanet da tsarin NTRIP: a buɗe manhaja irin SW Maps ko Emlid Flow, a saka adireshin uwar garken, lambar ƙofa wadda galibi 2101 ce, sunan tashar da kalmar sirri. Data kaɗan yake ci.

Amma ga Birnin Gwari akwai cikas biyu. Tsakaninta da Zariya ya haura kilomita 100, alhali gyaran tasha ɗaya ya fi inganci cikin kilomita 20 zuwa 30. Da an yi nisa, saman da ke kan tushe ya bambanta da wanda ke kan mai yawo. Na biyu, sabis. Mutanen yankin ba su manta da lokacin da aka katse layukan waya a 2021 saboda matsalar tsaro ba, kuma ko yau da an nausa ƙauyukan gefen dajin Kamuku sai sandunan waya su ɓace. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne mai awo ya zo da tushensa, na'urorin biyu su yi magana ta rediyo. Rediyon kan kai kilomita kaɗan idan ba tudu ko kurmi a tsakani, don haka a nemi wuri mai tudu a kafa tushe.

Wajen kafa tushen ne ake yin kuskure mafi tsada. Ana dasa ƙafafun nan uku su zauna daram a fili, nesa da bishiya da rufin kwano, domin kwano yana mayar da sigina ta iso ta bayan gida. Sannan a gaya wa na'urar inda take. Idan akwai bikon na gwamnati mai sanannun lambobi, a ɗora ta a kansa a shigar da lambobin da hannu. Idan babu, manhajar za ta ba da damar na'urar ta ƙiyasta wurinta cikin 'yan mintoci. Wannan tarko ne ga sabon shiga. Faɗi da tsawon gonar za su fito daidai, amma gonar gaba ɗaya za ta iya gocewa da mita ɗaya ko biyu a taswira, kuma gobe idan aka sake ƙiyasi za ta goce wani gefen daban. Maganin shi ne a bar tushen ya naɗi bayanai na awanni, a tura su shafin CSRS-PPP na Kanada ko AUSPOS na Ostareliya, duka kyauta, su dawo da lambobi masu inganci. Sai a zuba siminti a wurin, a dasa ƙarfe, ya zama turken da za a riƙa komawa.

Daga nan sai tsarin lambobi. Taurari suna aiki da WGS 84, amma tsofaffin taswirori da takardun filaye na Najeriya da yawa an yi su ne kan ma'aunin Minna. Tsakaninsu akwai gomomin mitoci. Wanda ya auna da wannan ya kwatanta da takardar da aka yi da wancan zai iya samun gonarsa a tsakiyar ta maƙwabci, alhali na'urar ba ta yi ƙarya ba. Birnin Gwari tana shiyya ta 32 ta Arewa a tsarin UTM. Kafin a fita, a tambayi tsarin da KADGIS, hukumar da ke kula da rajistar filaye a Kaduna, take karɓa.

A kan allo kalmomi uku ne abin lura. Single na nufin gyara bai iso ba, Float na nufin ya iso amma lissafi bai kammala ba, kuskure zai iya kai rabin mita ko fiye. Fix kaɗai ake ajiyewa. A auna tsayin sanda a shigar, a tsayar da ita cak har kumfar ta zauna tsakiya. A ƙarƙashin ɗorawa ko kaɗanya mai duhu, Fix kan kuɓuce, wani lokacin ma ya nuna na bogi. Masu hankali sukan rufe kan na'urar da hannu ta rasa taurari, su bari ta sake kamawa, su ga ko lambobin sun maimaitu.

Lokaci ma yana da tasiri. Najeriya tana yankin da saman sama ke rikicewa bayan faɗuwar rana, siginar taurari ta riƙa rawa. Awon safe ya fi kwanciyar hankali, kuma dama a hanyoyin yankin ba wanda ke son magariba ta same shi a daji. Zuwa da mai unguwa da maƙwabtan gona wajibi ne, don na'urar tana auna wurin da aka nuna mata ne kawai. A cikin gandun Kamuku kuwa, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, sai da izinin hukumarsa.

Abu ɗaya da na'urar ba ta bayarwa shi ne hatimi. Taswirar filin da hukuma za ta karɓa sai safiyo mai rajista da SURCON ya sa mata hannu. Matashin da ya iya kafa tushe, ya san bambancin Minna da WGS 84, ya kuma ƙi ajiye Float ko rana ta yi zafi, zai samu gurbi a ƙarƙashin irin wannan safiyo, ko a awon gonaki, ko a filayen haƙar zinare da yankin ya yi suna da su. Kayan da zai ƙara a jakarsa su ne fawa banki, tef ɗin awo, da littafin da zai rubuta lambobin turkensa da biro, ko da wayar ta faɗa ruwa.