Daga Zaƙami Zuwa Waken Kalaba: Yadda Tsirrai Ke Taɓa Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa ganin mutumin da ya sha zaƙami ya san tsiro na iya juya hankalin ɗan Adam. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya ɗau zafi, mutum ya dinga sambatu yana cafkar abin da babu shi. In Allah ya sa da sauran kwana ya farfaɗo, sau da yawa ba ya tuna ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya aikata. Wannan mantuwa tana da dalili, kuma dalilin ne ya taimaka wa masana suka gane yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba manne suke da juna ba. Akwai 'yar tazara a tsakaninsu, sinadarai ne ke tsallake ta da saƙo. Ɗaya daga cikinsu shi ne asetilkolin, wanda ke da babban aiki wajen tattara hankali da haddace abu. Zaƙami na ɗauke da sikofolamin, shi kuwa aikinsa ya je ya tokare ƙofar da asetilkolin ke shiga. Saƙo ya zo, ya tarar da ƙofa a rufe, abin da ido ya gani bai samu wurin zama ba.

Makarin wannan guba a Najeriya yake tsirowa. Ƙabilar Efik ta Kalaba suna da wani wake da suke kira esere, wanda a da ake shayar da wanda aka zarga da maita. In ya amayar ya rayu, an wanke shi. In ya mutu, an ce laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na Sukotlan suka aika da waken zuwa Edinbara, inda masanin guba Robert Christison ya gwada shi a jikinsa, ya wallafa abin da ya same shi a 1855. A 1864 wasu masana biyu a Jamus, Jobst da Hesse, suka tace sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin. Shi wannan hana rushewar asetilkolin yake yi, sai ya taru ya yi yawa. Har yau likitoci na amfani da shi wajen ceto wanda gubar zaƙami ta yi wa mugun kamu.

A shekarun 1970 aka gano cewa masu cutar Alzaima, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan gigin tsufa, suna rasa ƙwayoyin da ke samar da asetilkolin. Sai hankali ya koma kan tsirran da ke ƙara shi. A kan tsarin fisostigmin aka ƙera ribastigmin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2000. A 2001 ta amince da galantamin, wanda aka fara tatsa daga wani farin fure mai kwan albasa, kuma a Bulgariya aka soma yin magani da shi tun shekarun 1950. Magungunan nan ba sa warkar da cutar. Sassauci suke kawowa na wani lokaci, sannan suna iya jawo tashin zuciya da amai da zawo, shi ya sa likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa sannu a hankali.

Yawancin labaran da muke ji cewa ganye kaza na ƙara basira daga ɗakin gwaji suke fitowa, kuma a kan ɓeraye. Akan yi wa ɓera allurar sikofolamin don ya manta, a ba shi ruwan da aka tatso daga ganyen, sannan a jefa shi cikin kwatarnin ruwa a ga ko zai tuna inda aka ɓoye dandamalin da zai hau. Don auna damuwa kuwa, akan duba tsawon lokacin da zai yi yana fafutuka kafin ya saduda. Wannan matakin farko ne mai amfani, amma ɓera ba ɗalibi ba ne, kuma ganye da yawa sun ci wannan jarrabawa suka faɗi da aka kai su kan mutane.

Ginko, wata bishiya ta ƙasar Sin, ita ce babban misali. An yi shekaru ana sayar da ƙwayoyinta a Turai da Amurka a matsayin maganin mantuwa. Sai aka ɗauki dattawa 3,069 a Amurka, aka ba rabinsu miligiram 120 sau biyu a rana, sauran aka ba su ƙwayar da babu komai cikinta, aka bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ginko bai rage yawan waɗanda suka kamu da gigin tsufa ba. Wani babban gwaji a Faransa ya zo da irin wannan sakamako a 2012.

Akwai kuma wanda ya yi aiki, amma kowane allazi da nasa amanu. Hypericum perforatum, wani tsiro mai fure ruwan ɗorawa da likitocin Jamus suka daɗe suna rubutawa, ya nuna tasiri a kan ciwon damuwa mai sauƙi zuwa matsakaici. A 2008 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 na mutum sama da 5,000, ta ga ya fi ƙwayar banza. Matsalarsa ita ce yana sa hanta ta yi saurin lalata wasu magunguna. Yana raunana maganin ƙanjamau, da na tazarar haihuwa, da na hana jini daskarewa, kuma an samu waɗanda jikinsu ya ƙi karɓar gaɓar da aka dasa musu saboda shi.

Ko goron da muke ci kullum yana cikin wannan lissafi. Kafeyin da ke cikinsa na danne sinadarin da ke sa mutum jin gyangyaɗi, sai ido ya buɗe. Amma a cikin barci ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya kwana cin goro daren jarrabawa ya samu farkawa, ya rage wa haddarsa ƙarfi.

Abin da ya raba galantamin da ƙullin garin da ake tallata wa iyaye a tasha da kasuwa da sunan maganin hadda shi ne awo da gwaji. Yawan sinadarin da ke cikin tsiro na sauyawa da ƙasar da ya fito, da lokacin da aka cire shi, da ko saiwa ce ko ganye ko 'ya'ya. Cokali ɗaya na yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ce ta warkarwa ba, domin akan rubuta a jikin irin waɗannan kwalabe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Ilimin magabata game da itatuwa dukiya ce, kuma aikin jami'o'inmu da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ne su wuce gwajin ɓera su kai ga gwaji a kan mutane bisa ƙa'ida. Kafin nan, iyaye su guji ɗura wa yaro abin da ba su san me aka haɗa a ciki ba. Mai shan maganin asibiti ya gaya wa likita duk wani jiƙo da yake haɗawa da shi. Dattijon da ya fara ɓata hanyar gidansa, ko matashin da damuwa ta hana shi ci da barci, a kai su asibiti tun da wuri.