Kwashe Bayanai Daga Faifan Tsohuwar Kwamfuta a Rusairis

Faifan ajiya na tsohuwar kwamfuta ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, haɗinsa ko saitinsa ne ya kauce. A Rusairis da ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, duk da madatsar ruwan garin da aka kammala a 1966, su ne suke fara galabaitar da na'ura.

Da farko a gane irin faifan. Na da, wato IDE, yana da ƙusoshi 40 da waya mai faɗi kamar ɗamara. SATA, wanda ya shigo kasuwa wajen 2003, siririyar waya gare shi mai ƙusoshi 7. Idan faifan IDE biyu suka haɗu a waya ɗaya, dole a saita ɗan maƙalin robar da ke bayansu: ɗaya a kan MA, shi ne babba, ɗaya a kan SL, mabiyi. In duka biyun suka zama babba, kwamfuta takan kasa ganin ko ɗaya.

Sai a leƙa BIOS, wato wurin saitin kwamfutar na asali. Idan kwanan wata yana komawa baya kullum, ƙaramin batirin CR2032 ne ya ƙare, saitin kuma ya goge. Tsohon BIOS ba ya ganin abin da ya haura gigabait 137. Windows XP kuwa takan tsaya da shuɗin allo in saitin SATA ya koma AHCI. A mayar da shi IDE, ta tashi.

Wajen kwashewa, hanya mafi aminci ita ce a ciro faifan a jona shi da wata kwamfutar ta adaftar USB. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar wutar bolt 12 daban, USB kaɗai ba ta juya shi. A yi aikin da kwamfuta mai batir, domin yankewar wuta ana tsakiyar kwafi tana lalata fayil. In a filashi za a zuba bayanan, a sani cewa filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4.

Idan Windows ta nemi a yi wa faifan fomatin, kada a yarda, don nan ne hotunan iyali da takardun makaranta suke salwanta. Idan kuma faifan yana ƙas-ƙas, a kashe shi nan take a kai wa mai gyara a Damazin, ƙetaren kogi, domin kowane kunnawa yana ƙara karce shi.