Idan an ce "ɗan ƙari", a kan me aka ƙara?

A watan Janairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton hauhawar farashi na Disamban 2024: kashi 34.80 cikin ɗari, alhali a Nuwamba kashi 34.60 ne. Da Turanci hukumar ta kira wannan tazara "marginal increase", wato ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Masana tattalin arziki da 'yan jarida sun saba da kalmar, a ɗakunan labarai kuma akan mayar da ita "ɗan ƙari". Fassarar daidai take. Damuwata tana kan abin da kunnen mai sauraro ke ɗauka.

Ku riƙe lambar nan, 34.80. Ma'anarta, a matsakaici, kayan da aka saya naira 1,000 a Disamban 2023 sun kai kusan naira 1,350 bayan shekara guda. Shi kuwa ɗan ƙarin, 0.20, a kan saurin tashin farashi yake, ba a kan farashin kansa ba. A kan sauri, jama'a. Kamar direba ne ya baro Kawo a guje ya nufi Zariya, sai ya ɗan ƙara taka totur: ƙarin kaɗan ne, amma gudun da ma ya wuce kima. To magidanci ya ji "ɗan ƙari" da safe, ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kuɗin cefane, ya tsaya gaban mai awo. Mai awo ya cika mudu, ya juye a leda, ya sake cikawa, ya juye, sai ya ɗago kai yana jira. Kuɗin da bara suka auno mudu uku yanzu da ƙyar suka haura biyu. Wannan bawan Allah zai koma gida yana ganin rediyo ta yi masa ƙarya.

Wani zai ce ai hukumar ba ta faɗi abin da ba haka ba, kuma zuzuta labarin tsada kan sa 'yan kasuwa su ɓoye kaya. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba zuzutawa nake nema ba. Abin da nake nema shi ne a faɗi ƙarin tare da abin da aka ɗora shi a kai. Ku dubi harajin VAT: a Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. A baki, 2.5 ne kacal. A kan kayan naira 10,000 kuwa, haraji ya tashi daga 500 zuwa 750, ƙarin rabi cur.

Lokaci ya kama mu, ba za mu kai ga batun kuɗin ruwa na Babban Banki ba, inda ake irin wannan lissafi. Bayan sanarwa za mu kawo muku farashin hatsi na wannan mako.