No More Page 3

No More Page 3 kamfe ne da marubuciya Lucy-Anne Holmes ta ƙaddamar a Birtaniya a shekarar 2012, domin matsa wa jaridar The Sun lamba ta daina buga hotunan mata ƙirji a buɗe a shafinta na uku, al'adar da ta fara tun 1970. Masu kamfen sun ce shafin ya mayar da jikin mace hajar tallar jarida. Sama da mutum 200,000 suka sa hannu a takardar koken da aka buɗe a intanet. Jaridar ta daina buga hotunan a bugunta na Ireland a 2013, sannan a na Birtaniya a Janairun 2015. Jaridar Daily Star ta bi sahu a 2019.