Yadda Ake Zaɓen Lasifikar Da Ta Dace Da Ƙaramin Ɗaki

Sau da yawa ma'aikaci ko ɗalibi yakan yi watanni yana tsimi, ya sayo manyan lasifikoki, ya haɗa su a ɗakinsa, sa'an nan ya tarar ba abin da ke fita sai ruri kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Galibi kayan lafiyarsu lau, rashin dacewa ne ya jawo haka. Lasifika da amfilifaya da ɗaki abokan aiki ne su uku, in ɗaya ya saɓa wa sauran, to, kuɗi sun tafi a banza.

Irin lasifikar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka bayyana cikin 1925. An daɗe mai son kaurin sauti, watau bes, ba ya samunsa sai a akwati mai girman kabad. Cikin 1954 Edgar Villchur ya fito da dabarar rufe akwatin ruf, ta yadda iskar ciki za ta riƙa tokare bayan bakin lasifikar, sai aka sami kauri daga akwati madaidaici. A tsakiyar shekarun 1970 kuma gidan rediyon BBC na Ingila ya tsara wata 'yar lasifika mai suna LS3/5a, mai tsayin kamar ƙafa guda, domin injiniyoyinsa masu aiki a cikin motocin ɗaukar shiri, inda wuri ke da matsi. Ta yi suna ƙwarai wajen fitar da muryar ɗan Adam tangaran.

Amma fa ƙanƙanta tana da farashinta. Masana sun tabbatar cewa abu uku ba sa haɗuwa a lasifika guda: ƙaramin akwati, kauri mai zurfi, da ƙarar da ba ta cin wuta. Sai dai a zaɓi biyu a haƙura da ɗaya. Shi ya sa ƙaramar lasifika mai kauri takan bukaci ƙarfi daga amfilifaya fiye da babba, ko da yake mutane da yawa suna zaton akasin haka.

Lambobi Uku

Lamba ta farko da mai saye zai duba a bayan akwati ita ce ta om, wadda ke nuna irin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke tura mata. Yawanci akan ga 8 ko 6 ko 4. In lambar ta yi ƙasa, lasifikar ta fi jan wuta. Amfilifayar da aka rubuta mata om 8 zuwa 16, in aka ɗora mata mai om 4 aka ƙure murya, za ta yi zafi, ta yiwu ta kashe kanta ko ta ƙone. Haka nan haɗa lasifika biyu masu om 8 a kan baki guda yana mayar da su om 4, masu om 4 kuwa su koma 2, wanda amfilifaya kaɗan ce ke iya ɗauka.

Ta biyu ita ce ta desibel, watau yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat guda in an tsaya mita guda daga gare ta. Ƙanana sukan ba da tsakanin 83 da 88. Bambancin ya fi yadda ake gani a takarda, gama kowane desibel 3 yana nufin ninka wuta. Alal misali, ƙarar da mai 89 za ta bayar da wat 20, mai 86 sai da wat 40, mai 83 kuwa sai da wat 80.

Ta uku ita ce ta wat, kuma nan ne aka fi yaudarar jama'a. Dubban wat ɗin da ake rubutawa tare da haruffan PMPO a jikin kwali talla ce kawai. Lambar da ke tare da RMS ita ce abin dogara. A ƙaramin ɗaki, wat 30 zuwa 50 a kowane gefe sun wadatar da yawancin ƙananan lasifikoki. Ƙaramar amfilifaya ma tana da haɗari, domin in aka matsa mata fiye da ƙarfinta sautin yakan tsage, wannan tsagewa kuwa tana iya ƙona ɗan ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti. Da zarar murya ta fara kakkarcewa sai a rage.

Shi Kansa Ɗakin

Kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan guda, saboda haka ɗaki mai ƙafa 12 yakan kumbura kaurin da ke girgiza kamar sau 47 a sakan. In tsawo da faɗi ɗaya ne, kamar yadda ake yawan gina ɗakunan haya, kumburin sai ya taru wuri guda. Babbar lasifika tana kai wa wannan zurfi da ƙarfi, ɗaki ya ɗauki ruri. Ƙarama kuwa tana yin sanyi kafin nan. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Bangon bulo da daɓen siminti suna mayar da sauti. Darduma a ƙasa, labule mai kauri, katifa da kantar littattafai duk suna rage amsa-kuwwa. Kada a cusa lasifika a kusurwa, nan ne kauri ya fi yin yawa. Wadda ke da ramin iska a baya tana son a janye ta kamar ƙafa guda daga bango. Wanda ba shi da wannan fili ya nemi rufaffiya ko mai rami a gaba. A ɗora su a kan abu mai ƙarfi, ƙaramin bakin ya yi daidai da kunnen mai zaune, nisan da ke tsakaninsu kuma ya yi daidai da nisan kowace zuwa kujera. A lura da waya, ja ga ja, baƙi ga baƙi; in aka juya ta gefe guda kauri zai ɓace.

A Wurin Saye

Akwai lasifikokin da ke da tasu amfilifaya a ciki, waɗanda ake sa wa wuta kai tsaye. Irin waɗannan ba a haɗa su da bakin lasifika na wata amfilifaya. Mai sayen ta hannu ya duba zoben soson da ke kewaye da babban bakin, domin yakan ruɓe in ya tsufa, ya kuma ɗan danna bakin a hankali. In ya ji yana gugar wani abu, ya bar ta. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe, ya tafi da waƙar da ya sani sarai, ya saurara a ƙarar da zai riƙa ji a gida, ba wadda mai kanti ke so ba. Muryar mai karanta labarai ma ma'auni ce mai kyau, tun da kunne ya san muryar mutum fiye da kowane kiɗa. In an yarda masa ya gwada a ɗakinsa kafin ya biya, wannan ya fi kome.