Tuta da Tambarin Nijeriya: Yadda Ɗan Lafiya Zai Karanta Su

Kalmar tambari tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce gangar sarauta da ake kaɗa wa manyan sarakuna, ta biyu kuma alamar da hukuma ke bugawa a takardunta. Duk biyun aikinsu ɗaya ne, wato su sanar da mutane cewa ga mai iko. A wannan ɗan rubutu zan duba ma'ana ta biyu.

Tutar da ake ɗagawa a makarantun firamare na Adogi da ofisoshin Lafiya, wani ɗalibi ne mai suna Michael Taiwo Akinkunmi ya zana ta a 1959, lokacin yana karatu a Landan. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta. An fara ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kore yana nufin noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya.

Tambarin ne ya fi ɗauke da magana. Baƙar garkuwa tana wakiltar ƙasar noma, irin wadda ke ba mu doya da riɗi da gyaɗa. Farin layin nan mai rassa biyu kuwa kogin Kwara ne da na Binuwai, inda suka haɗu a Lakwaja. A nan nake son ɗan Jihar Nasarawa ya tsaya ya duba da kyau: reshen da ke hannun damarsa Binuwai ne, kogin da ya bi ta kudancin jiharmu ya wuce ta Loko. An ƙirƙiro jihar daga Filato a 1996, amma koginta yana cikin tambarin tun 1960.

Fararen dawaki biyu suna nuna martaba, jan tsuntsun da ke sama kuma ƙarfi. Wasu masu fassara suna kiran sa mikiya, wasu gaggafa, har na ji mai cewa shaho. Ni dai na fi karkata ga mikiya, domin shaho a tunanin Bahaushe ɓarawon 'yan tsaki ne, bai dace ya hau kan garkuwar ƙasa ba.

Dokar tuta da tambari ta 1960 ta hana ɗaga tutar da ta yage ko ta lalace, duk da haka sau da yawa za ka ga koren ya koɗe har ya kusa zama fari, tana nan a kan sanda.